Yadda Ake Ba Fankokin AIO Wuta da Sarrafa Gudunsu Ba Tare da An Ƙona Madabod Ba

Wanda ya buɗe kwalin na'urar sanyaya CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai aiki da ruwa, wadda ake kira AIO, zai tarar da lagireto, da famfo mai tura ruwan manne da farantin da ke zama a kan CPU, da fanka biyu ko uku, sai kuma tarin wayoyi. Lagireto mai tsawon milimita 240 fanka biyu yake ɗauka, mai 360 uku, mai 280 da mai 420 kuma manyan fankoki na milimita 140 suke ɗauka, biyu da uku. Idan mutum ya so ya saka fanka gaba da baya a kan mai 360, sun zama shida ke nan. Sai ya leƙa madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, ya ga soket ɗaya tak aka rubuta wa CPU_FAN. A nan ne da yawa ke fara cusa kowace waya a duk ramin da ta shiga, kuma daga nan ake samun kwamfutar da ke ruri dare da rana, ko soket ɗin da ya mutu ba a san dalili ba.

Aikin ba shi da wuya idan ka raba abu uku da ke bin wayar fanka: wutar da take ci, umarnin da ake ba ta na gudu, da rahoton da take mayarwa na yawan juyin da take yi. Kowane yana da hanyarsa, kuma ba dole ne su fito daga wuri ɗaya ba.

Fara da duba bakin wayar

Ɗauki fanka ɗaya ka ƙirga ramukan da ke bakin fuloginta. Ko uku ne ko huɗu. Na farko shi ne negatif, na biyu ke ɗauko volt 12, na uku ke mayar wa madabod rahoton gudu, wato lambar RPM, yawan juyi a minti, da kake gani a allo. Fanka na aika bugu biyu a kowane zagaye guda, madabod ya ƙirga ya raba. Na huɗu, idan akwai shi, shi ne na umarni, wanda ake kira PWM.

Bambancin fanka mai fil 3 da mai fil 4 ya wuce na ƙirga. Mai fil 3 ba ta da hanyar jin umarni sai ta wutar da take ci: idan ana so ta rage gudu, sai madabod ya rage mata volt, daga 12 zuwa 9, zuwa 7, har inda za ta tsaya cak don wutar ba ta isa ta juya ta ba. Wannan shi ake rubutawa DC a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga yayin da kwamfuta ke tashi. Mai fil 4 kuwa volt 12 ɗinta na nan daram kullum, sai dai waya ta huɗu na kunna sigina tana kashewa sau 25,000 a daƙiƙa ɗaya, bisa ƙa'idar da kamfanin Intel ya shimfiɗa. Idan siginar na kunne rabin lokaci, an ce kashi 50, fankar ta yi gudu kusan wannan gwargwado. Abin lura a nan shi ne siginar PWM ba ta ɗauke da wani nauyin wuta. Saboda haka sigina ɗaya za ta iya yi wa fanka shida ko takwas magana a lokaci guda, muddin wutar da za su ci ta fito daga inda ya isa. Duk dabarar da za a bi a ƙasa a kan wannan ta tsaya.

Fulogi mai rami uku yana shiga soket mai fil huɗu lafiya, akwai ɗan harshen roba da ke sa shi ya zauna daidai ya bar fil ɗaya a waje. Kada ka dogara da launin wayoyi, domin yawancin fankokin yanzu duk wayoyinsu baƙaƙe ne.

Idan fankokinka masu fitila ne, za ka ga waya ta biyu. Wannan ba ta da alaƙa da juyin fanka. Mai volt 5, wadda ake kira ARGB, fil uku gare ta da giɓi guda a tsakani. Mai volt 12, wato RGB tsohon yayi, fil huɗu a jere. Duk wanda ya tura mai volt 5 a soket mai volt 12 ya ƙona fitilun nan take. Ka ware wayoyin fitila gefe guda, sai an gama da fanka a dawo kansu.

Lissafin wuta, wanda shi ne ginshiƙin aikin

Kowane soket ɗin fanka a madabod yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. Abin da aka fi sani shi ne amfiya 1, wato wat 12. Wasu bod ɗin, kamar da yawa daga na Gigabyte, suna ba da amfiya 2 a soket. Sokets ɗin da aka keɓe wa famfo sukan fi ƙarfi: W_PUMP+ na ASUS amfiya 3 ne. Amma kada ka yi zato. Buɗe littafin da ya zo da bod ɗinka, ko ka sauko da shi daga shafin kamfanin, ka nemi wurin da aka zana sokets ɗin fanka. A nan ake rubuta iyakar kowane. Idan ka duba ba ka ga an rubuta ba, ɗauka amfiya 1 ne.

Sai ka juya fankar ka karanta takardar da ke manne a bayanta. Za ka ga an rubuta 12V, sannan wata lamba da harafin A. Fankoki sun bambanta sosai a nan, fiye da yadda girmansu ke nunawa. Noctua NF-A12x25 PWM, mai juyi 2000 a minti, amfiya 0.14 take ci. 'Yar'uwarta NF-F12 industrialPPC mai juyi 3000 tana cin 0.3. Babbar NF-A14 industrialPPC mai juyi 3000 kuwa tana kaiwa 0.55. Idan lambar da ke jikin fanka ta saɓa da wadda ke kan kwali, yi aiki da wadda ta fi girma.

Yanzu tara. Uku na farkon sun ba da 0.42, soket mai amfiya 1 zai ɗauke su ko gezau. Shida daga cikinsu sun kai 0.84, an fara matsowa bakin iyaka. Uku masu 0.3 sun ba da 0.9, wanda a takarda ya shiga, amma ni ba zan ɗora shi ba. Dalili kuwa, fanka na fizgar wuta fiye da ƙima a daidai lokacin da take tashi daga tsaye, kuma dukkansu tare suke tashi duk sanda aka kunna kwamfuta. Uku masu 0.55 kuwa sun kai 1.65, babu ma maganar gwadawa. Abin ya yi kama da ekstenshan ɗin shago da aka cika wa kaya: ba ranar da aka jona yake narkewa ba, a hankali yake ɗumi har ranar da zai yi wari. Shawarata ita ce kada jimillar ta wuce kashi 75 zuwa 80 na iyakar soket. Idan iyakar amfiya 1 ce, tsaya a 0.8.

Fankoki masu fitila da ke jan wutar fitilarsu ta wayar fankar kanta, irin tsofaffin masu launi ɗaya, lambar da ke bayansu ta haɗa da fitilar. Waɗanda ke da wayar fitila daban kuwa lissafinsu daban ne.

Famfo da nasa wurin

Kafin a jona fanka ko ɗaya, a sallami famfo. Idan fanka ta tsaya, ruwa na ci gaba da zagayawa, zafi zai hau a hankali. Idan famfo ya tsaya, cikin ɗan lokaci kaɗan CPU zai kai iyakarsa ya rage wa kansa gudu ko ya kashe kwamfutar. Don haka ba a haɗa famfo a waya ɗaya da fankoki, ba a kuma bar shi yana hawa da sauka da su.

Famfuna iri uku za ka gamu da su. Na farko yana da fulogi mai rami uku ko huɗu, kuma daga madabod yake cin wuta. Wannan sai a kai shi soket ɗin da aka rubuta wa AIO_PUMP, ko PUMP_FAN a bod ɗin MSI, ko makamancin haka. A bod da yawa waɗannan sokets ɗin daga masana'anta a cikakken gudu aka saita su. Idan bod ɗinka ba shi da irinsa, kowane SYS_FAN ko CHA_FAN zai yi, sai dai dole ka shiga BIOS ka tsayar da shi a gudu ɗaya.

Na biyu yana cin wuta ta wayar SATA, irin wadda ke ba faifan ajiya wuta, kai tsaye daga fawa-saflai, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, sannan yana da wata siririyar waya mai fulogin fanka wadda idan ka duba da kyau waya ɗaya tak ce a ciki. Ita rahoto kawai take kaiwa, ana saka ta a CPU_FAN don madabod ya san akwai abin da ke juyawa. Irin wannan yakan zo da wayar USB da ake sakawa a soket mai fil 9 da ke ƙasan bod, fankokin kuma a jikin famfon ko a wani ƙaramin akwati ake jona su. Da yawa daga na Corsair da NZXT haka suke.

Na uku shi ne irin Arctic Liquid Freezer II, wanda aka ɓoye wayoyin fankokin a cikin rigar bututun, waya ɗaya ce ke fitowa ta tafi CPU_FAN. Mai irin wannan an hutar da shi, sai ya tsallake zuwa maganar saiti.

Wani abu da ba na wuta ba amma yana kashe famfo: kada famfon ya zama shi ne mafi tsayi a duk zagayen ruwan. Kowane AIO na da 'yar iska a ciki, kuma iska sama take nema. Idan lagireto na saman akwati, shi ke nan. Idan a gaba yake a tsaye, a tabbata ƙarshensa na sama ya fi famfon tsayi.

Hanyoyin haɗa fankokin

Hanya mafi sauƙi ita ce waya mai reshe, wadda gindinta ɗaya ne kanta biyu ko uku. Yawancin AIO suna zuwa da ita a kwali. Gindin ya shiga CPU_FAN, kowace fanka ta kama reshe guda. Wuta da umarni duk daga soket ɗaya suke fitowa, shi ya sa lissafin da muka yi ya zama wajibi. Idan ka duba rassan za ka ga ɗaya ne kawai ke da fil huɗu cif, sauran an cire musu na uku. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi. Da a ce fanka uku za su riƙa aika rahoto ta waya ɗaya, bugun zai cakuɗe, lambar RPM ta riƙa tsalle daga 900 zuwa 3000 ba ma'ana. Idan ka sayi waya mai arha ka ga duk rassan cike suke kuma lambar na hauka, ga dalilin nan. Sannan ka tabbata reshen nan mai fil huɗu akwai fanka a kansa; idan shi ka bari a banza, madabod zai ga sifili ya ɗauka babu fanka.

Wasu fankokin da reshensu suke zuwa. Na Arctic masu alamar PST kowace na da fulogi da soket, ana jona ta farko a bod, ta biyu a jikin ta farko, haka har ƙarshe. Lian Li UNI FAN kuwa manne juna suke yi ba waya a tsakani. Yana rage tarkace ƙwarai, amma bai canza lissafi ba: duk abin da ke kan sarƙar soket ɗaya ke ciyar da shi, sai fa idan akwai akwatin da ke jan wuta daga SATA.

Akwai kuma CPU_OPT, soket ɗin da ke maƙwabtaka da CPU_FAN. A bod da yawa, musamman na ASUS, ba shi da saitin kansa, duk abin da aka ce wa CPU_FAN shi yake bi. Wannan ya sa ya dace da raba nauyi: fanka uku a CPU_FAN, uku a CPU_OPT, duk suna gudu tare.

Idan lissafi ya ƙi, ko fankokin sun kai shida, sai a koma ga hob mai wutar kansa. Ƙaramin akwati ne mai ramukan fanka da yawa, na Noctua NA-FH1 takwas gare shi, Case Fan Hub na Arctic goma. Waya biyu ke shiga cikinsa: SATA daga fawa-saflai, wadda ke kawo wutar, da siririya mai fil huɗu daga CPU_FAN, wadda ke kawo umarni ta mayar da rahoto. Madabod ya huta da ɗaukar nauyi, magana kawai yake yi. Fulogin SATA na iya ba da har amfiya 4.5 a layin volt 12, wato wat 54, wanda ya ishi fankokin gida da rara. A ganina duk wanda fankokinsa suka wuce uku, wannan ce hanyarsa, ko da lissafi ya nuna waya mai reshe za ta iya. Kuɗin hob bai kai kusa da na sabon bod ba.

Hob na da nasa halin. Rami ɗaya ne kawai ke mayar da rahoto, yawanci an yi masa launi daban ko an rubuta masa 1, dole a saka fanka a cikinsa. Fankar da ta mutu a sauran ramukan kuwa madabod ba zai taɓa sani ba, sai ka leƙa da idonka. Sannan yawancin hob PWM kawai suke isarwa, volt 12 ɗin ba sa taɓa shi. Fanka mai fil 3 da aka saka a irinsa za ta yi ta gudu a ƙure komai ka saita. A sayi fankoki masu fil 4, kuma iri ɗaya, domin kashi 50 na fanka mai juyi 1800 ba ɗaya yake da kashi 50 na mai juyi 3000 ba.

Abu biyu game da wayar SATA. Idan fawa-saflai ɗinka irin wanda ake cire wayoyinsa ne, kada ka ari waya daga wani daban ko da ta shiga ramin daidai. Jerin fil a ɓangaren fawa-saflai ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuma wannan kuskuren yana ƙona duk abin da ke kan wayar, har da faifan ajiya. Na biyu, ka guji adaftan Molex (tsohon fulogin wuta mai fil huɗu) zuwa SATA marasa suna, waɗanda aka narka roba aka rufe bakinsu. Sun yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta.

Sama da hob akwai kwantirola mai ƙwaƙwalwa, irin Corsair Commander Core mai ɗaukar fanka shida, ko Quadro da Octo na kamfanin Aquacomputer na Jamus, masu layi huɗu da takwas. Su ta USB suke magana da kwamfuta, kowace fanka da nata saitin da nata rahoton. Ga lagireto guda ɗaya bambanta gudun kowace fanka ba shi da wani amfani. Amfaninsu na gaske shi ne suna iya bin zafin ruwa, wanda za mu zo kansa.

Jonawa

Kashe kwamfutar, kashe makunnin da ke bayan fawa-saflai, zare wayar daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta zube. Ba a jona ko cire hob da SATA alhali akwai wuta.

Ɗora fankokin a kan lagireto kafin ka saka shi a akwati, ka juya su yadda wayoyin za su fito ta ɓangaren bayan bod. Iska na shiga ta fuskar da ke buɗe, ta fita ta ɓangaren da ke da sandunan roba da takarda. Wasu na da kibiya a gefe. Idan gaba da baya za ka saka, duk shidan su fuskanci waje ɗaya, na gaba na turawa, na baya na ja. Kula da notuna: dogaye na ratsa fanka ne zuwa lagireto, gajeru na ɗaure lagireto a jikin akwati. Dogon noti da aka ɗaura ba fanka a tsakani zai iya huda hanyar ruwan da ke ƙarƙashin ramin, kuma lagireton da ya huje sai shara.

Sai jona famfo a wurinsa, fankoki a reshe ko hob, gindin a CPU_FAN, SATA a fawa-saflai, USB idan akwai. Ɗaure wayoyin nesa da fukafukai. Kada ka rufe murfin akwatin tukuna. Kunna, ka ƙirga da ido cewa kowace fanka na juyawa, ka ɗora yatsa a kan famfon ka ji ɗan karkarwarsa. Riƙe guntun takarda mai laushi kusa da kowace fanka ka ga inda iskar ke kai ta.

Saiti a BIOS

Danna Del ko F2 yayin da kwamfuta ke tashi. ASUS na kiran wurin Q-Fan Control, Gigabyte Smart Fan, MSI Hardware Monitor, ASRock kuma FAN-Tastic Tuning. Abu na farko, zaɓa wa kowane soket yanayinsa da hannunka: PWM ga mai fil 4 da hob, DC ga mai fil 3. Kada ka bar shi a Auto, yakan yi kuskure, musamman idan hob ne a kai. Soket ɗin da aka bari a DC alhali hob mai SATA ke kansa ba zai iya rage gudun komai ba, tunda wutar ba daga gare shi take fitowa ba.

Famfo a tsayar da shi wuri ɗaya. Cikakken gudu shi ne mafi aminci. Idan ƙararsa ta dame ka kuma mai fil 4 ne, sauke shi zuwa kashi 70 ko 80 ka bar shi a nan. Mai fil 3 kuwa a bar masa volt 12 ɗinsa, sai dai idan littafinsa ya halatta ragewa.

Idan ka ga saƙon CPU Fan Error lokacin tashi, ma'anarsa CPU_FAN bai ji rahoto ba, ko ya ji ƙasa da iyakar da aka sa masa. Ana iya kashe gargaɗin a BIOS, amma na fi son a gyara jonin, ko a sauke iyakar zuwa juyi 200, don wannan gargaɗin shi ne zai sanar da kai ranar da wani abu ya tsaya.

Zafin da ya kamata fankokin su bi

A nan ne AIO ya rabu da sanyaya mai iska zalla, kuma a nan aka fi yin kuskure. Zafin CPU na zamani tsalle yake yi: buɗe burauza kaɗai zai iya ɗaga shi daga digiri 45 zuwa 70 na daƙiƙa biyu ya dawo. Ryzen 7000 na AMD ma an ƙera su ne su hau har digiri 95 a aiki mai nauyi, na Intel da yawa iyakarsu 100. Ruwa kuwa nauyin jiki gare shi, sai an zuba jul 4.2 na zafi a kowane giram kafin ya ƙara digiri ɗaya, don haka yakan ɗauki mintuna kafin ya ɗumama. Fankokin ba CPU suke sanyayawa ba, ruwan suke sanyayawa. Idan suka zabura saboda tsallen daƙiƙa biyu, ƙara kawai suka yi, ruwan bai ma san an yi ba.

Wanda AIO ɗinsa ke auna zafin ruwa, ta manhajar iCUE ko CAM ko makamancinsu, ya ɗora jadawalin gudun a kan zafin ruwan. Sai dai a nan akwai abin da ya shafe mu. Lagireto ba zai taɓa sanyaya ruwa ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki ba. Jadawalin da kamfanoni ke sakowa an tsara shi ne da tunanin ɗaki mai digiri 20 da wani abu, inda ruwan da ya kai 40 ya nuna aiki ya yi tsanani. A Kano ko Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska zai iya kaiwa 35, ruwan ya zauna a 37 kwamfutar ba ta komai. Sai fankoki su ƙure gudu suna neman abin da ba zai samu ba.

Maganin shi ne ka auna naka. Bar kwamfutar a kunne ba aiki na rabin awa, ka rubuta zafin ruwan. Wannan ne ƙasanka. A ce ya nuna 36. Sa fankoki kashi 35 a nan, kashi 55 a 41, kashi 75 a 45, cikakken gudu a 49. Masu ƙera AIO da yawa suna sa digiri 60 a matsayin iyakar zafin ruwa, kuma zama kusa da nan na gajiyar da famfo da bututu, don haka ka kai cikakken gudu tun da sauran tazara. Idan hunturu ya shigo ɗaki ya yi sanyi, jadawalin nan zai bar fankoki a ƙasa kusan kullum, wanda ba laifi ba ne.

Wanda ba shi da ma'aunin ruwa dole ya bi zafin CPU, sai ya shimfiɗe jadawalin: kashi 35 zuwa 40 tun daga ƙasa har digiri 60, kashi 60 a 75, kashi 80 a 85, cikakke a 90. Sannan ya nemi saitin jinkiri, wanda aka rubuta Step Up da Step Down, ya ƙara shi yadda fankokin ba za su amsa kowane tsalle ba. Idan bod ɗin na da soket mai fil biyu na ma'aunin zafi, wanda ASUS ke rubuta wa T_SENSOR, ana iya manna kan ma'aunin a jikin tankin lagireto kusa da inda bututu ke shiga, a rufe shi da tef, a ce wa fankoki su bi shi. Bai kai auna ruwan kai tsaye ba, amma ya fi bin CPU nesa ba kusa ba.

A Windows akwai manhajar kyauta mai suna Fan Control ta Rémi Mercier, wadda ke iya ɗaukar matsakaicin zafi na wani lokaci, ko ta haɗa zafin CPU da na katin hoto ta bi wanda ya fi girma. Wannan na da amfani idan lagireto na sama ne yana fitar da iskar da katin hoto ya ɗumama. Masu Linux suna da liquidctl da fancontrol. Ko wace ka zaɓa, guda ɗaya ce za ta riƙe fanka; idan biyu suka haɗu a kan soket ɗaya sai gudun ya riƙa hawa da sauka ba dalili. Kuma ka bar jadawali mai hankali a BIOS, domin shi ke aiki kafin manhaja ta tashi da kuma ranar da ta ƙi tashi.

Gwaji, da abin da kan biyo baya

Rufe akwatin, buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi da gudun fanka, ka kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa CPU aiki mai nauyi, ya yi ta maimaitawa na minti 20 zuwa 30. Gwajin minti biyu ba ya nuna komai a AIO, tunda ruwan bai gama ɗaukar zafi ba. Abin da kake nema shi ne zafin ya hau ya tsaya wuri ɗaya, fankokin su hau a hankali, su kuma sauka a hankali bayan an gama.

Idan duk suna gudu a ƙure ba sa jin saiti, ko soket ɗin na DC ne, ko wayar umarni ba ta shiga hob ba, ko fankokin masu fil 3 ne. Idan babu mai juyawa a kan hob, SATA ce ba a jona ba. Idan ɗaya na ƙin tashi sai an taɓa ta, mafi ƙarancin gudun da ka sa ya yi mata kaɗan, ɗaga shi zuwa kashi 30. Idan CPU ya yi zafi nan take alhali fankoki na juyawa kuma lagireto sanyi ƙalau, matsalar ba ta fanka ba ce: ko famfo ba ya aiki, ko an manta ledar da ke manne a farantin, ko bai zauna daidai ba.

Saura ƙura. Haƙoran lagireto a matse suke, kuma ƙurar hunturu na toshe su cikin 'yan makonni, musamman a tsakanin fanka da lagireto inda ido ba ya gani. Alamarta ita ce zafin ruwa ya ƙaru a aiki iri ɗaya, fankoki kuma suna ƙara ƙara. Kashe kwamfutar, ka hura da bulowa daga ɓangaren da iska ke fita zuwa inda take shiga, kana riƙe da fukafukan da yatsa kada iskar ta juya su fiye da ƙima, don hakan na lalata fanka. Idan datti ya kama sosai, kwance fankokin ka share da buroshi mai laushi, ka mayar da kowace waya ramin da ta fito, musamman wadda ke kan rami mai kai rahoto.